Allurar da ba komai a cikinta: tarihin jabun rigakafin sanƙarau a Nijar

Duk wanda ya girma a Adar ya san lokacin sanƙarau ba sai an gaya masa ba. Idan hunturu ya ja baya, iska ta bushe, ƙura ta turnuƙe, zafin bazara ya fara sauka, sai hankalin iyaye ya tashi. Yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, kafin gari ya waye wuya ya sanƙare. Cuta ce mai gaggawa. Idan ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, ko an yi magani ma akan rasa kusan ɗaya cikin goma, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma su tashi da kurumta ko taɓin ƙwaƙwalwa. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da wannan annoba ke yawan dawowa, daga Senegal har Habasha. Jihar Tawa tana tsakiyar wannan yanki.

Abin da nake so mu waiwaya yau, iyaye da malaman makaranta, shi ne yadda wasu suka mai da tsoron wannan cuta hanyar neman kuɗi. Labarin ya faru a ƙasarmu shekaru talatin da suka wuce, ya kuma maimaita kansa bayan haka. Yara da yawa da ke zaune a azuzuwanmu ba su taɓa jin sa ba, alhali likitoci da masu harhaɗa magani a ƙasashen duniya suna kafa misali da shi duk lokacin da ake maganar jabun kaya.

Algus na da, da algus na yau

Ha'inci a ciniki ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna da kalmar algus tun kafin zuwan Bature. An san mai zuba ruwa a nono, da mai cakuɗa yashi a hatsi, da mai tauye mudu, da mai ɗora kyakkyawan goro a saman huhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kai, sarakuna kuma suna da sarkin kasuwa da ke sauraron ƙorafin masu saye. Fataken da ke kai turkuɗin Kura wajen Abzinawa, ko masu kawo gishirin Bilma, suna sauka ne wajen mai masauki da ya san su, wanda zai tsaya musu idan rigima ta taso.

Sai dai algus na da yana da iyaka. Mai saye yana da ido da hanci da harshe. Uwargida za ta ɗanɗana nono ta gane an tsinka shi, magidanci zai cusa hannu cikin buhu ya ji yashi. Wanda aka kama kuwa a kasuwa ɗaya ake da shi, gobe ma za a gan shi, kunya kaɗai ta ishe shi hukunci.

Maganin asibiti ya rushe wannan tsari. Ƙwayar gaskiya da ta jabu fari ɗaya gare su. Ruwan allura na gaskiya da ruwan banza ido ba ya raba su. Wanda ya haɗa kayan yana wata ƙasa mai nisa, kayan sun bi hannu goma kafin su iso kasuwar Lahadi ta Tawa, kuma mai tiren da ya sayar maka sau da yawa shi ma bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Sayen magani ya zama cinikin biri a sama, sai dai a dogara da amanar hanyar da ya biyo.

Yadda bango ya tsage

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nijar ce ke riƙe da shigo da magani da rarraba shi ta hannun hukumar ONPPC. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kuɗin yuraniyom ya faɗi, fari kuma ya yi ɓarna, sai asibitocin gwamnati suka fara zama babu magani. A 1987 ministocin kiwon lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da ya sa marar lafiya zai riƙa biyan wani kaso na kuɗin magani.

Babban bugu ya zo a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa dala goma ya koma dala ashirin dare ɗaya. Kusan duk maganin da ake sha a Nijar daga waje ake sayo shi, saboda haka farashi ya yi tsalle a farmasi. Talaka bai daina ciwo ba don magani ya yi tsada. Sai ya juya wajen mai tallan magani a tire ko a kan keke, wanda ke sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya, babu takardar likita, babu dogon layi, wani lokaci har da bashi. Yawancin wannan kaya ta kan iyaka yake shigowa. Daga Tawa zuwa Ƙonni tafiyar awoyi kaɗan ce, daga Ƙonni an shiga Illela ta Najeriya, sai Sakkwato, sai manyan kasuwannin magani na Sabon Garin Kano da Onica da Legas. A wancan lokaci kuwa Najeriya na fama da nata bala'in: a 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Hukumar NAFDAC da ke sa ido kan abinci da magani sai a 1993 aka kafa ta.

A cikin wannan hali annobar 1995 ta same mu.

Kyautar watan Maris

Tsakanin Fabrairu da Mayun 1995 an ƙidaya kimanin mutum 41,000 da sanƙarau ya kama a Nijar. Ƙasar tana cikin rikicin siyasa tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou, baitulmali babu kuɗi, ga mutane na mutuwa. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka shiga yi wa jama'a allurar rigakafi gari gari, aka nemi taimako daga ko'ina. A watan Maris aka kawo gudummawa daga maƙwabciyarmu Najeriya: rigakafin mutum 88,000, ɗauke da sunayen manyan kamfanoni biyu da duniya ta sani, Pasteur Mérieux na Faransa da SmithKline Beecham. An karɓa da godiya, an rarraba, an fara yi wa mutane.

Irin rigakafin wancan zamani gari ne busasshe a cikin 'yar kwalba, sai an zuba masa ruwansa an girgiza ya narke kafin a ja a sirinji. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki tare da jami'an lafiya na ƙasa ne suka lura cewa wannan garin ba ya narkewa yadda aka saba, kuma akwai wasu baƙaƙen zare zare a cikin ruwan. Suka tuntuɓi kamfanin a Faransa. Kamfanin ya duba littattafansa ya ce lambobin da ke jikin kwalaben da ranakun lalacewarsu ba su dace da wani abu da ya taɓa haɗawa ba. Da aka kai ɗakin gwaji, ba a sami ko ɗigon sinadarin rigakafi a ciki ba. Kwalba da takardar jikinta an kwaikwaye su sak, cikin kuwa fanko ne.

An bi lambobi an tattaro na kimanin mutum 28,000 an lalata. Sauran ya riga ya shiga jikin mutane. An ƙiyasta cewa mutum 60,000 aka yi wa allurar banza, cikin kusan miliyan 5 da aka yi wa rigakafi a wannan shekara. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari, ta kuma nuna cewa waɗanda suka ba da kyautar sun ɗauka kayan na gaskiya ne. Kamfanin Pasteur Mérieux ya shigar da ƙara a kan kwaikwayon kayansa.

Mu tsaya mu dubi yadda irin wannan allura take kisa. Uwa ta goya yaro ta yi tafiya cikin rana, ta bi layi, an tsira masa allura, ya yi kuka, ta koma gida hankalinta kwance. Bayan mako biyu zazzaɓi ya kama shi. Za ta ce ai ba sanƙarau ba ne, tunda an yi masa rigakafi. Za ta jira kwana ɗaya ko biyu tana ba shi maganin zazzaɓi, alhali a wannan cuta awoyi kaɗan ne ke raba rai da mutuwa. Wanda ba a yi wa allurar ba ya san yana cikin haɗari, yana kaffa kaffa. Wanda aka yi wa ta jabu an bar shi babu kariya, an kuma cire masa tsoron da zai sa a garzaya da shi asibiti.

Akwai wani darasi kuma. Wannan kaya ba a kan tire ya zo ba. Ya bi ta hannun hukumomi, da takardu da sa hannu. Abin da ya tona shi ma'aikaci ne da ya san kamannin abin da yake aiki da shi kullum, ya ga sauyi, bai yi shiru ba.

Abin da ya biyo baya

Shekarar da ta biyo, 1996, annobar ta fi muni a Afirka ta Yamma gaba ɗaya: kimanin mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. A Kano a wannan shekara ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa na Trovan, gwajin da ya haɗa yara kusan 200 masu sanƙarau, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan ba jabun magani ba ne, amma a kunnen talaka labarin iri ɗaya ne: an zo da sunan taimako, yara sun mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da jita jita ta yaɗu a 2003 cewa rigakafin shan inna na ɗauke da abin hana haihuwa, ta sami kunnuwan da suka riga suka shirya karɓarta. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wancan lokaci manya ne yanzu, muna ganin su.

An yi yaƙi kuma an sami nasarori. Dora Akunyili, wadda ta rasa 'yar'uwarta a 1988 sanadiyyar jabun allurar ciwon suga, ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Ta ƙona jabun kaya a bainar jama'a, ta rufe kasuwanni, har aka buɗe wa motarta wuta a Disamban 2003, Allah ya kiyaye ta. A Nijar an yi sabuwar dokar harhaɗa magani da sayar da shi a 1997, akwai kuma ɗakin gwaje gwaje na ƙasa, LANSPEX, a Yamai da ke auna ingancin magani. Daga 2010 aka fara yi wa jama'a sabon rigakafi mai suna MenAfriVac, wanda wani kamfanin Indiya ya haɗa musamman domin Afirka a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ya daɗe yana yi mana ɓarna, ya kusa ɓacewa.

Amma ƙwayar cutar nau'i nau'i ce. A 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi, a 2015 ya afka wa Nijar. Kimanin mutum 8,500 suka kamu, fiye da 570 suka rasu, an rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki a watan Afrilu, jihar Tawa ma ba ta tsira ba. Rigakafin da ke maganin wannan nau'i ya yi ƙaranci a duniya. Iyaye suka yi cincirindo a ƙofar farmasi da kuɗi a hannu. Kafin watan Mayu ya ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa jabun rigakafi masu ɗauke da sunayen Mencevax da Menomune na yawo a Nijar. An sake kama irinsa a 2017, a watan Maris na 2019 kuma ma'aikatar kiwon lafiya ta sake jan kunnen jama'a a kan jabun Mencevax. Shekara ashirin da huɗu bayan darasin farko, dabarar ba ta sauya ba: a jira tsoro ya haɗu da ƙaranci, sai a fito da kwalba mai kyan gani.

Asarar da ba a ƙidaya ba

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci, kuma kashi 42 cikin ɗari na rahotannin da suka iso mata daga Afirka suka fito. Waɗannan alƙaluma ne na ofis. A gida ga yadda abin yake.

Arewacin Adar ƙasar 'yan ci rani ce. Magidanci yana Abijan ko Libiya ko Kamaru, ya bar iyali a Keita ko Tabalak ko wani ƙauye da ke nesa da asibiti. Yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro, an aiko kuɗi, an sayi magani ranar kasuwa. Bai yi aiki ba. An sake saye. Daga ƙarshe a sayar da akuya a ɗauki hayar mota zuwa Tawa ko Galmi, yaro ya riga ya galabaita, sai an ƙara masa jini. Gidan ya biya sau uku abin da da sau ɗaya ya isa, wannan kuma idan yaron ya rayu ke nan. Araha ba ta ado.

Mai farmasin da ke sayen kaya ta halastacciyar hanya, yana biyan haraji, yana biyan kuɗin wutar firiji, ba zai iya gogayya da wanda kayansa alli ne da garin rogo ba. Gwamnati na asarar kuɗin kwastan, sannan ta ɗauki nauyin jinyar waɗanda jabun ya illata. Manomin albasa da ya sayi gurɓataccen taki ko maganin ƙwari, da makiyayin da ya yi wa garkensa allurar da ba ta da ƙarfi, duk tarko ɗaya ne ya kama su.

Akwai illar da ta fi waɗannan daɗewa. Wani jabun yana ɗauke da ɗan sinadari kaɗan, yadda marar lafiya zai ji sauƙi ya dawo ya ƙara saye. Wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Masu ƙarfin cikinsu sukan tsira su hayayyafa, har a wayi gari maganin gaskiya ma ya daina aiki a kansu. Wato mai shan jabu a yau yana rage wa jikokinsa makami.

Abin da ke hannunmu

Hakkin farko na hukuma ne, kuma tarihi ya nuna inda gyaran yake. Duk lokacin da maganin gaskiya ya yi wuya, jabu ya sami kasuwa: haka aka gani bayan 1994, haka aka gani a 2015, kuma kowa ya ga yadda magunguna suka yi ƙaranci bayan rufe iyakoki a 2023. Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma idan gwamnati ta jinkirta biyan asibitoci, kantar magani takan zama wayam, uwa ta fito da takarda a hannu ta nufi mai tire. Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗauki alkawari a Lome a Janairun 2020 cewa za su tsananta hukunci a kan masu fataucin jabun magani. Kame da ƙonawa suna da amfani, amma muddin ƙaramin asibitin ƙauye babu magani, wani mai tiren zai maye gurbin wanda aka kama.

Iyaye kuma akwai abin da ya kamata mu riƙe. Allurar rigakafi sanyi take so tun daga masana'anta har jikin yaro. Wadda ta kwana a jakar ɗan kasuwa cikin zafin Afrilu ta lalace ko da asalinta ta gaskiya ce. Saboda haka kada a sayi rigakafi a hannun mai yawo, kada a yarda wani ya zo gida ya yi wa yara allura don ya ce yana da hanya. A je asibiti ko wurin da hukumar lafiya ta sanar, a kuma karɓi kati da aka rubuta sunan allurar da lambarta. Da lamba aka gano kwalaben 1995. Idan an sayi magani a farmasi, a duba ranar lalacewa, a ajiye kwalin har a gama sha. Idan an sha kwana biyu babu sauƙi, a koma wurin likita da kwalin a hannu. Kuma ko an yi wa yaro rigakafi, in aka ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko amai da suma, ko maɗigar jariri ta kumbura, a tafi asibiti a wannan sa'a, dare ne ko rana.

Malaman makaranta, ku ne kuka fi kowa damar sauya wannan labari. A gidaje da yawa na Adar ɗan makaranta shi ne kaɗai mai iya karanta abin da ke jikin kwali, shi ake aika sayen magani, shi ke karanta wa kaka takardar likita. Darasi ɗaya ya isa a koya masa inda ake rubuta ranar lalacewa, da inda lambar kaya take, da yadda ake lura da kuskuren rubutu ko hatimin da aka taɓa. A darasin lissafi a ba su 88,000 su cire 28,000, sannan a gaya musu cewa amsar mutane ne, a ƙasarsu, wataƙila har da danginsu. A darasin tarihi a gaya musu cewa wanda ya tsayar da ɓarnar ma'aikaci ne da ya ga gari ya ƙi narkewa ya yi magana. A kuma bayyana musu cewa cikin miliyan 5 da aka yi wa allura a waccan shekara, sama da miliyan 4 da dubu 900 ta gaskiya suka samu, domin kada labarin jabu ya zama hujjar gudun rigakafi.

Wasu daga cikin yaran da ke gabanmu yau su ne za su zama 'yan kasuwa gobe, wasu jami'an kwastan a Ƙonni, wasu ma'aikatan jinya a Abalak. Wata rana wani zai miƙa musu kwali mai araha ya ce a rufe ido. Abin da za su yi a ranar ya danganta da abin da suka ji daga bakinmu tun suna ƙanana.

Allah ya kare mana zuri'a, ya sa mu ga damina lafiya.